Daga Azawak zuwa Pari: baƙuncin kare da maigidansa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya taɓa neman biza, ko ya tsaya gaban ma'aikatan duwan da kayansa, ya san gaskiyar wannan magana. Amma akwai wani matafiyi wanda shirinsa ya fi na ɗan kasuwa tsawo, takardunsa kuma sun kusa fin na ma'aikacin gwamnati yawa, alhali kuwa ba ya karatu, ba ya sa hannu, ba ya biyan ko dala. Shi ne babban kare wanda maigidansa ya ƙudura ƙaura da shi zuwa Turai. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, da abin da ya tarar a hanya da kuma cikin birnin Pari.

Kyautar da ba a mayarwa

Maigidan injiniyan ruwa ne, ɗan Tawa, wanda ya yi shekaru yana aikin rijiyoyi a arewacin jihar, tsakanin Abalak da Cintabaraden da Tasara. Wannan yanki shi ne Azawak, tsohon kwarin da ruwansa ya ƙafe tun zamani mai nisa, wanda ya miƙa daga Nijar har cikin Mali wajen Menaka. Sunan kwarin ya bi dabbobi biyu ya shiga duniya: jar saniyar nan mai yawan nono, da kuma dogon karen nan siriri na makiyaya, wanda Abzinawa ke kira oska.

Irin wannan kare ba kayan kasuwa ba ne a wurin masu shi. Kyautarsa ake yi ga wanda aka girmama. Ranar da ruwa ya ɓullo a wata rijiya mai zurfi da aka daɗe ana haƙa, wani dattijo makiyayi ya ɗauko ɗan kwikwiyo ja mai fararen ƙafafu, ya sa shi a hannun injiniya, ya ce: "Malam, ba ni da abin biyan ruwa. Ga wannan, amana ce. Uwarsa ta shekara shida tana korar dila daga garkena."

Aka sa masa suna Hadari. Ya girma a Tawa, yana kwana bakin ƙofa, ba ya karɓar abinci daga hannun baƙo. Wani dare na bazara, iyali na kwance a tsakar gida, haushinsa ya ta da kowa, aka haska fitila aka ga kububuwa taku biyu daga tabarmar yara. Tun daga ranar uwargida, wadda da can ba ta son ganinsa kusa da madafa, ita ke zuba masa tuwo da nono da hannunta.

Da takarda ta zo cewa injiniya ya sami aiki a wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa a Pari, sai gardama ta tashi a cikin dangi. Yayansa ya ce masa: "Haba ƙanena, mutane na neman hanyar Turai ba su samu ba, kai kuma kare za ka ɗauka? Ka bar shi ga mai gadi." Maganar tana da nauyi, injiniya ma bai musa ba. Ya dai amsa da ladabi: "Yaya, gaskiyarka. Amma ba saye na yi ba balle in sayar, kuma ba ya cin abincin mai gadi." Wani malamin unguwa da aka kai wa zancen ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, sannan dabbar da mutum ya ɗaure a gidansa cinta da shanta na wuyansa. Aka bar maganar a nan.

Wata huɗu kafin tashi

Abin da ya sa Turawa ke tsananta bincike abu guda ne: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta hanyar cizon kare. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Faransa ita ce ƙasar da Luwi Pastor ya fara yi wa ɗan Adam allurar wannan ciwo a watan Yuli na 1885, amma sai a 2001 aka tabbatar ta rabu da shi a dabbobinta na ƙasa. A 2008 ta sake rasa wannan matsayi saboda kare da aka shigo da shi daga Maroko ba bisa ƙa'ida ba, ba ta dawo da shi ba sai a 2010. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin fuskar ma'aikacin duwan ba.

Ƙa'idar Tarayyar Turai ga karen da ya fito daga ƙasa irin Nijar tana da matakai, kuma ba a tsallake ɗaya a koma masa daga baya. Da farko likitan dabbobi zai sa wa kare wata ƙwayar lamba a ƙarƙashin fatar wuya, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, wadda na'ura ke karantawa. Bayan haka, ba kafin haka ba, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, kuma sai ya kai mako 12 da haihuwa. A jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jininsa, a aika ɗakin awon da Tarayyar ta amince da shi don a ga ko allurar ta kama. In sakamako ya yi kyau, a sake jiran wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Daga ƙarshe, cikin kwana 10 kafin isa, likitan dabbobi na gwamnati ya sa hannu a takardar lafiya. In aka haɗa lissafi, wata huɗu ke nan ga wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Injiniya kuwa wata biyu aka ba shi ya kama aiki. Ya yi wa Hadari allura tun shekarun baya a ma'aikatar kiwo, yana da ɗan littafinta, amma da yake babu ƙwayar lamba a jikin karen lokacin da aka yi ta, allurar ba ta shiga lissafi ba. Tilas aka soma daga farko. Ya tashi shi kaɗai a ƙarshen damina, ya bar iyali da kare a baya. Uwargida ta ce masa a waya: "Malam, kwana biyar ke nan yana kwance bakin ƙofar ɗakinka, ruwa kawai yake sha."

Hanyar Yamai da cikin jirgi

A watan Janairu ya dawo ɗaukar iyali. Daga Tawa zuwa Yamai tafiyar kilomita wajen 550 ce, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Motocin fasinja ba su yarda da kare a tsakanin mutane ba, shi kuma bai yarda a cusa shi cikin ramin kaya ba, saboda haka ya yi shatar mota. Suka tashi da asuba, ana tsayawa kowace awa biyu don kare ya sha ruwa ya miƙe ƙafa.

A jirgin sama, ƙaramin kare ne kaɗai ke zama tare da fasinja, wanda shi da jakarsa ba su wuce kilo 8 ba a yawancin kamfanoni. Namijin karen Azawak kuwa yana kai kilo 20 zuwa 25, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74. Nauyinsa kaɗan ne, tsawonsa ne matsala, domin ƙa'idar jiragen sama ta ce dole kejin ya isa kare ya tsaya kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta. Kejin da kafinta ko maƙeri ya ƙera a gida ba lalle a karɓe shi ba. Injiniya ya sayo na roba mai ƙarfi daga Pari, mai ƙofar ƙarfe, wanda mutum biyu ke ɗauka. Ya ajiye shi a tsakar gida kwana goma a buɗe, ana zuba abinci a ciki, har kare ya saba shiga da kansa. Likita ya hana a ba shi maganin barci, domin a sama yana iya sauke bugun jini, kuma babu mai duba shi a wurin kaya. A maimakon haka uwargida ta shimfiɗa masa tsohuwar rigar maigida a ciki.

A lokacin jirgin Pari na sauka Yamai kai tsaye, tafiyar ba ta kai awa shida ba. Daga watan Agusta na 2023 wannan hanya ta katse, matafiya suka koma bi ta birane irin Kazablanka da Istambul. Ga mutum sauyin jirgi gajiya ce kawai. Ga karen da ke cikin keji kuwa ƙarin awoyi ne, da ƙarin hannaye masu ɗauka da saukewa, kuma kowane kamfani da nasa sharaɗi.

Da suka sauka a filin jirgin Ruwasi, injiniya ya bi ƙofar masu kayan bayyanawa. Ma'aikacin duwan ya goga na'ura a wuyan kare, ya gwada lambar da ta takarda, ya ƙirga kwanakin da ke tsakanin allura da ɗibar jini da ranar isowa da bakin alƙalami. Da an sami gibi, hukuncin ɗaya ne cikin uku, kuma duk a aljihun mai kare: a mayar da shi inda ya fito, ko a tsare shi, ko a kashe shi. Injiniya ya ce bai taɓa jin gumi irin na wannan minti biyar ba, ko ranar jarrabawar fita makaranta. Ma'aikacin ya buga hatimi, ya dubi karen, ya tambayi sunan irinsa.

Birnin da kare ke da rajista

Faransa ƙasa ce mai karnuka fiye da miliyan 7. Kowane kare yana da lamba a rajistar ƙasa, kuma wanda aka shigo da shi daga waje sai a kai shi wurin likita cikin kwanakin farko a shigar da shi. A Asnières, bayan garin Pari, akwai maƙabartar karnuka tun 1899. Dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta sa hukuncin wanda ya yar da dabbarsa ya kai ɗaurin shekara uku da tarar Yuro 45,000, watau sefa fiye da miliyan 29. Baƙon da ya fito daga inda kare ke yawo a bola yara na jifarsa zai ɗauka birnin na karnuka ne. Amma da zarar ya fita da babban kare a hannu, sai ya ga gatan yana da iyaka a kowace kusurwa.

Gida ne farkon gwaji. Dokar 9 ga Yuli 1970 ta hana mai gidan haya ya rubuta a yarjejeniya cewa ba a zama da dabba, muddin dabbar ba ta yi ɓarna ba kuma ba ta dami maƙwabta ba. Sai dai doka ba ta tilasta masa ya zaɓi mai kare cikin mutum ashirin da ke neman ɗaki guda ba. Bayan nema mai tsawo suka sami ɗaki uku a hawa na huɗu, a gabashin birni. Hadari kuwa aikinsa na gado shi ne shelar duk wanda ya kusanci zango. A jejin Azawak baƙo ɗaya ake gani a yini, a benen Pari kuwa mutum hamsin ke hawa da sauka. Cikin mako biyu aka turo takardar ƙorafi ta ƙarƙashin ƙofa. Sai da aka janye shimfiɗarsa daga bakin ƙofa zuwa ƙuryar ɗaki, aka kuma ɗauki mai horon karnuka na wasu makonni, kafin a sami zaman lafiya.

Sanyi shi ne na biyu. Karen Azawak fatarsa siririya ce, gashinsa gajere, ba shi da kitse. Ranar farko da ya taka titin Pari a watan Janairu ya tsaya yana rawar ɗari, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Injiniya, wanda a Tawa yakan yi dariyar hoton karnukan Turawa masu riga, ya shiga kanti ya sayo wa nasa riga mai auduga. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, sai ka nemi taka ka ɗaura.

Na uku bai taɓa zuwa masa a rai ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta tare shi a bakin bene, ta nuna haƙarƙarin kare da ƙasusuwan ƙugunsa, ta ce yunwa ake ba shi, za ta kuma kai ƙara wurin ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi, wadda aka kafa tun 1845. Bai yi fushi ba. Ya koma wurin likita ya karɓo takarda mai bayyana cewa haka halittar irin take, ana ganin ƙashi a ƙarƙashin fata, kuma ƙiba ce cuta gare shi. Abin mamaki, a Faransa ne aka rubuta siffofin wannan iri. An fara kawo shi Turai a farkon shekarun 1970, ta hannun wani jami'in jakadancin Yugoslabiya da kuma Faransawan da suka yi aiki a Sahel, ƙungiyar masu karnuka ta duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, ta Amurka kuma a 2019. Tsohuwar ta karanta takardar, ta ba da haƙuri. Daga baya ita ce ke riƙe musu mabuɗi in sun yi tafiya.

Takunkumi da tikiti

Zirga-zirga a cikin birni tana da nata ilimi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, watau metiro, da jiragen da ke zuwa bayan gari, babban kare na shiga in yana ɗaure da igiya kuma da takunkumi a baki, kuma a watan Satumba na 2019 aka yafe masa kuɗin tikiti. Amma injiniya ya tarar motocin bas ba su ɗaukar kare sai wanda ya shiga jaka, in ban da karen da ke yi wa makaho jagora. Direban tasi kuwa yana da ikon ƙin ɗaukar dabba, da yawa kuma sun ƙi. Matakalar lantarki haɗari ce ga faratan kare, saboda haka ko dai a nemi matakala ta ƙafa, ko a rungumi kilo 24 a hau da shi. Da safe da maraice, lokacin cunkoson ma'aikata, bai sake gwada shiga da shi ba bayan karo na farko.

A jirgin ƙasa mai dogon zango, kafin 2022 karen da ya wuce kilo 6 rabin kuɗin kujerar aji na biyu yake biya, alhali a ƙasa yake kwanciya, tsakanin ƙafafun mai shi. A 2022 aka mayar da shi kuɗi guda, wanda aka fara da Yuro 7, wajen sefa 4,600. Zuwa Ingila kuwa wani babi ne: jirgin ƙasan fasinja da ke ratsa ƙarƙashin teku zuwa Landan ba ya ɗaukar kare sai na jagora. Sai dai a bi da mota, a kuma ba karen maganin tsutsar ciki a gaban likita tsakanin kwana ɗaya da kwana biyar kafin shiga.

Akwai kuma irin karnukan da dokar 6 ga Janairu 1999 ta ware a matsayin masu haɗari. Rukuni na farko, irin su pitbul marasa takardar asali, an hana shigo da su ƙasar sam. Rukuni na biyu, irin su rotwaila, sai da izinin magajin gari da inshora, da takunkumi a duk inda jama'a suke. Karen Azawak ba ya ciki. Amma ɗan kasuwar da ya sayi ƙaton kare don gadin shago a Maraɗi ko Damagaram, yana tunanin tafiya da shi, ya kamata ya binciki irinsa tun kafin ya kashe ko jikka ɗaya.

Saura zancen ƙazanta. A 1982, zamanin da Jak Shirak ke magajin garin Pari, an fito da babura masu zuƙe kashin kare a titi. An daina aiki da su a farkon shekarun 2000, aka mayar da nauyin kan masu karnuka. A ƙarshen 2020 tarar wanda ya bar kashin karensa ta kai Yuro 135, fiye da jikka 88. Wani ɗan kasuwa Bahaushe ya gamu da injiniya wata safiya yana sunkuye da leda a hannu, ya riƙe baki ya ce: "Subhanallahi! Malam, karatun da ka yi ke nan?" Injiniya ya ɗaure bakin ledar, ya ce: "Alhaji, a nan wanda ya ɗaure akuya shi ke share turke."

Rairayin Fontainebleau

Abin da ya fi damun injiniya ba tara ba ce, ba kuma takunkumi ba. Ganin karen da aka halitta don bin barewa yana auna tsawon ɗaki da taku shida ne ya hana shi barci. Dajin Vincennes, mai kusan hekta 1,000 a gabashin birni, ya rage zafi, can suke zuwa kowace asuba kafin aiki. Amma kare mai farauta da ido, in ya hangi zomo ba ya jin kira, ga kuma motoci ko'ina. Igiyar ba ta sauka daga wuyansa ba har wata uku. Injiniya ya fara tambayar kansa ko yayansa ne ke da gaskiya, ko amanar ya riƙe, ko kuwa son ransa ya bi.

Wani abokin aiki ne ya kai su a mota dajin Fontainebleau, kilomita wajen 60 kudu da Pari. A yammacin dajin akwai fili na farin rairayi tsakanin duwatsu da itatuwa, ragowar tekun da ya rufe wurin shekaru miliyan 30 da suka wuce. Faransawa, gafara dai, suna kiran wurin da sunan da ke nufin ɗuwawun kare. Sun je a ƙarshen Maris, domin daga 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni doka ta hana sakin kare a daji, lokacin da namun jeji ke haihuwa.

Hadari ya taka rairayin, ya tsaya, ya sunsuna. Injiniya ya duba hagu da dama, ya yi bisimilla, ya kwance igiya. Karen ya zagaye filin sau uku, cikinsa na kusan shafar ƙasa, yashi na tashi a bayansa, har masu hawan duwatsu suka dakata suna kallo. Sannan ya dawo da kansa, ya haƙa ɗan rami kamar yadda iyayensa ke yi a gindin ƙaya, ya kwanta a ciki ya ɗora haɓa a kan takalmin maigidansa. Tun daga ranar, duk Asabar ta biyu can suke yini.

Da aka tambayi injiniya ko zai ba wani shawarar ya yi abin da ya yi, ya ce wanda zai yi wata shida ko shekara guda ya bar karensa a gida wurin wanda karen ya sani, ya aiko da kuɗin abinci. Wanda kuwa zai daɗe, kuma ya san karen ba zai rayu a hannun wani ba, to ya fara shiri wata biyar kafin tafiya, ya tanadi kuɗin da ya fi na tikitinsa, ya kuma yarda cewa awa biyu na kowace rana ba nasa ba ne, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Da ya zo hutu Tawa ya aika wa dattijon nan hoton karen a kan farin rairayi, ta hannun wani direba mai zuwa Tasara. Amsa ta dawo bayan mako uku. Dattijo ya ce a gaida Malam, rijiya na nan da ruwa, ya kuma ga kare bai yi ƙiba ba, alhamdu lillahi.